Ziyara Zuwa Ngiri-Ngiri, Unguwar Makaɗan Da Ba A Biyansu Ko Anini

Duk wanda ya ji an ambaci Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, abu biyu ne kan fara faɗo masa a rai. Dattawa za su tuna damben da Muhammad Ali ya yi da George Foreman ran 30 ga watan Oktoba, 1974, zamanin da ake kiran ƙasar Zayar. Masu sha'awar nishaɗi kuwa sai su tuna kiɗan rumba na su Franco da Tabu Ley da Papa Wemba, wanda ya cika gidajen rediyon Afirka shekara da shekaru. Ni ma da waɗannan biyu a raina na sauka filin jirgin sama na N'djili. Amma masu iya magana sun ce gani ya kori ji, domin kuwa abin da na ƙunso a zuciya sa'ad da na tashi dawowa wani abu ne dabam, kuma shi nake so in ba masu karatu labari a wannan mako.

Daga filin jirgin zuwa tsakiyar gari tafiyar kamar kilomita 25 ce, a kan wani faffaɗan titi mai sunan Patrice Lumumba, firayim ministan ƙasar na farko. Sai dai wanda ya auna tafiyar da kilomita ya yaudari kansa, saboda cunkoson motoci da babura da masu tura kura ya isa ya mayar da tafiyar rabin sa'a ta koma ta sa'a biyu. Birnin na da mutane sama da miliyan 15, an kuma kasa shi gundumomi 24. Abin da ya ba ni dariya shi ne, gundumar da manyan ofisoshin gwamnati da na jakadu da bankuna suke sunanta Gombe, kamar dai tamu ta gida, ko da yake babu wata dangantaka tsakaninsu sai ta suna. Idan mutum ya tsaya a bakin Kogin Kwango a nan Gombe, zai hango gine-ginen Barazabil, babban birnin ɗaya Kwangon, a tsallaken ruwa. Kafin 1966 sunan birnin Leopoldville, kuma tsofaffin sojojinmu sun san shi da wannan suna, tun da yake Nijeriya ta aika da dakaru Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964, cikinsu har da marigayi Murtala Muhammad yana ƙaramin hafsa, Janar Aguiyi-Ironsi kuma shi ya shugabanci rundunar baki ɗaya a ƙarshenta.

Unguwar da ta kai ni wannan rubutu ba ta cikin inda baƙi kan je. Ngiri-Ngiri gunduma ce ta talakawa a kudu da tsakiyar gari, mai lunguna cike da yashi da ruwan kwata, da mata masu sayar da kwanga, watau tuwon rogo da ake naɗewa a ganye, da masu walda da masu faci a bakin hanya. Wani ɗan jarida na garin da ya yi mini jagora, ya kuma zama tafintana tun da ba na jin Lingala, Faransancina kuma bai taka kara ya karya ba, shi ya ce in shirya da la'asar zai kai ni in ji wani kiɗan da ban zata ba. Muna shiga layin, tun kafin mu isa ƙofar gidan, sai na fara jin wani sauti yana ratsa ƙarar janareta da ihun 'yan kamasho. Goge ne, amma ba guda ɗaya ba, ba kuma irin wanda kunnena ya saba ba.

Abin da na tarar a farfajiyar gidan ya ba ni mamaki. Mutane ne birjik, maza da mata, manya da yara, kowa ya kama kusurwarsa. Wannan ya jingina da bango yana goga gogen Turawa da ya maƙale a ƙarƙashin haɓarsa, waccan ta zauna a kujerar roba ta rungume wani babban goge tsakanin gwiwoyinta, can gefe wasu samari na busa sarewa da begila, a wani ɗaki kuma mawaƙa na bin malaminsu baiti baiti cikin harshen da daga baya aka gaya mini Jamusanci ne. Kowa na bitar nasa, hayaniya kamar kasuwa. Can sai aka kira su suka hallara wuri ɗaya, kowa ya buɗe takardarsa a gabansa, madugu ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. Da ya sauke hannun, sai duk wannan hayaniya ta zama murya ɗaya. Wannan ita ce ƙungiyar makaɗan Kimbangu, wadda a Faransanci ake kira Orchestre Symphonique Kimbanguiste.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin irin wannan ƙungiya, wadda Turawa ke kira okestira. Taro ne na makaɗa da mabusa masu yawa, wani lokaci har kusan 100, an kasa su gida huɗu: masu goge manya da ƙanana, su ne mafi yawa, masu busa na itace, dangin sarewa da algaita, masu busa na tagulla, dangin kakaki da begila, sai masu ganguna da tambura. Ba a yin kiɗan da ka, a rubuce yake da wasu baƙaƙe nasa na musamman, kowane gida da nasa rabon, kuma aikin madugu shi ne ya haɗa kansu da motsin hannu. A ƙasashen Turai gwamnatoci da attajirai ne ke ɗaukar nauyin manyan ƙungiyoyin, ana biyan makaɗan albashi. Akwai kuma ƙanana na 'yan sa kai a garuruwa da lardi, waɗanda ke rayuwa da kuɗin ƙungiya da na tikiti da gudummawar jama'a. Ta Kinshasa tana cikin kashi na biyun, sai dai ita ta tashi ne a inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi.

Asalin ƙungiyar na haɗe da tarihin wani gida sananne a ƙasar. A cikin 1921 wani mutum mai suna Simon Kimbangu ya fara wa'azin Kirista a ƙauyen Nkamba, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wurinsa, har abin ya tsorata Turawan mulkin mallaka na Beljiyam. A shekarar suka kama shi suka yanke masa hukuncin kisa, daga baya Sarki Albert na Ɗaya ya mayar da shi ɗaurin rai da rai. Ya shekara 30 a kurkuku, ya rasu a Elisabethville, wadda yanzu ake kira Lubumbashi, cikin 1951. Sai a 1959 aka amince da cocin mabiyansa a hukumance, a 2011 kuma babbar kotun soja ta ƙasar ta soke hukuncin da aka yi masa. Ɗansa Joseph Diangienda shi ya shugabanci cocin har rasuwarsa a 1992. Cocin nan tun fil azal yana da 'yan badujala da mabusa sarewa da ƙungiyoyin mawaƙa, saboda haka yaran da suka tashi cikinsa ba baƙin kiɗa ba ne.

Jikan Simon Kimbangu, Armand Diangienda, shi ne ya kafa ƙungiyar. Shi asalinsa matuƙin jirgin sama ne, ya rasa aikinsa a farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasar ta shiga halin ƙaƙa-nika-yi. A 1991 da 1993 sojojin da ba su gamsu da albashinsu ba sun fantsama cikin Kinshasa suna wasoson kantuna da masana'antu, a 1994 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 20,000 cikin ɗari, har ta kai kuɗin da mutum ya karɓa da safe ba ya saya masa abin da ya yi niyya da yamma. A wannan shekara ce, wadda mai hankali zai ce ba ta dace da fara komai ba, Diangienda ya tara 'yan mutane ya ce za su yi kiɗan Beethoven da Handel. Bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba, shi ya koya wa kansa karatun baƙaƙen kiɗa da sarrafa kayan kiɗa iri iri. Cikin watan Disamba na 1994 suka fito bainar jama'a karo na farko.

Yadda suka samu kayan aiki a farkon lamari shi ne darasi na farko ga duk mai son kafa ƙungiya. Goge biyar kacal gare su, masu koyo kuwa sun fi goma, sai suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ya yi 'yan mintoci ya miƙa wa na gaba. Idan tsirkiyar goge ta tsinke, babu kantin da za a sayo wata a duk faɗin birnin, sai a nemo wayar birkin keke a ɗaura. Takardun kiɗa da hannu aka riƙa kwafarsu, shafi bayan shafi. Wani daga cikinsu ya wargaza ƙaton goge guda, irin wanda ake tsayawa tsaye kafin a goga, ya auna kowane ɓangare, sa'an nan ya sayo katako a kasuwa ya shiga sassaƙa irinsa. Da wani kiɗa ya bukaci ƙararrawa mai wani sauti na musamman, sai suka bi 'yan gwangwan suna ƙwanƙwasa ƙarafa har suka dace da gammon ƙarfe na ƙafar wata tsohuwar bas mai ba da sautin daidai. Rashin uwa, in ji Hausawa, akan yi uwar ɗaki.

Darasi na biyu shi ne gudummawar da ba a ƙirga ta a takarda. Babu wanda ake biya albashi a ƙungiyar, kowa da sana'ar da yake ci da ita. Jagorana ya nuna mini masu ɗinki da masu gyaran lantarki da ɗalibai da 'yan kasuwa a cikin masu riƙe da goge. Mace za ta tashi tun asuba ta yi sana'arta a kasuwa, la'asar na yi ta rufe ta kamo hanya, da yawa kuma da ƙafa suke zuwa saboda kuɗin mota. Wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes da aka nuna a 2012 ya ba da labarin wasu 'yan'uwa biyu mawaƙa da gidansu ke da nisan mil 10 daga wurin bita, suna zuwa kwana shida a mako. Idan da za a yi wa wannan lokaci da wannan sawu kuɗi, da babu wani mai ba da taimako, na gida ko na waje, da zai kamo ƙafar abin da makaɗan da kansu suka zuba.

Ina zaune a wurin wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a Kinshasa, kamar yadda ba baƙo ba ne a wurinmu. Na ɗauka za a watse. Sai na ga wayoyin hannu sun fito, wannan na haska wa wancan takarda, wani saurayi kuma ya ajiye gogensa ya fita da filaya a hannu ya nufi inda janareta yake. Masu busa ba su ko dakata ba, da alama sun haddace rabonsu. Ba a jima ba fitila ta dawo, saurayin ya goge hannunsa a wando ya koma kujerarsa, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Na tambayi jagorana inda mutanen nan suka koyi irin wannan ba da kai, sai ya ce in bari ranar Lahadi ta zo. Mabiya cocin Kimbangu suna da wata al'ada ta tara kuɗi da suke kira nsinsani. Bayan an gama ibada, jama'a sanye da tufafi kore da fari kan kasu ƙungiya ƙungiya, maza dabam mata dabam, 'yan badujala na busa, kowace ƙungiya ta yi jerin gwano ta wuce gaban kwanonin da aka ajiye, kowa na jefa abin da ya sawwaƙa. Sa'an nan a ƙirga a bainar jama'a a faɗi abin da kowane ɓangare ya tara, wanda aka tsere wa kuma ya sake zagayowa don ya rama. Da irin wannan tarin ne, haɗe da aikin gayya, mabiyan suka gina ƙaton ɗakin ibadarsu na Nkamba mai ɗaukar mutum 37,000, wanda aka buɗe a 1981. Abu biyu na lura da su a nan. Na ɗaya, kuɗin a hannu ake ba da shi nan take, babu alkawari. Na biyu, a gaban kowa ake ƙirga shi. Mutumin da ya girma yana ganin haka kowace Lahadi ba zai ga baƙon abu ba idan an ce ya ba da yammacinsa kyauta.

Sai dai tara makaɗa abu ne guda, tara masu sauraro kuma wani abu ne dabam. Kinshasa gari ne na rawa, kiɗan rumba da suke taƙama da shi har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2021. A idon mutanen gari da yawa, kiɗan da za a zauna shiru ana saurare ba tare da an motsa ba kiɗan Turawa ne, ko na jana'iza, ko mai sa barci. Ƙungiyar ba ta zauna jiran mutane su sake ra'ayi ba, ita ta fita ta same su. Makaɗan sun riƙa bita a fili inda maƙwabta ke ji, suna bin tituna da kansu suna raba takardun gayyata, sun kuma kai wasansu filin Allah inda mai wucewa zai tsaya ya kalla. Daɗin daɗawa, ƙofar gidan a buɗe take ga yara. Na ga wasu sun yi cirko-cirko a bakin taga suna leƙe, jagorana ya ce ta haka galibi ake farawa, yaro ya yi ta leƙe har ran da wani babba zai miƙa masa goge ya nuna masa yadda ake riƙewa. Wanda aka koya wa jiya shi ke koya wa na yau, iyayen yaran kuma su ne sahun farko na 'yan kallo. Da haka 'yan tsirarun nan na 1994 suka kai kimanin mutum 200, makaɗa da mawaƙa.

Taimakon waje ya zo, amma a makare. A 2010 wasu Jamusawa biyu, Claus Wischmann da Martin Baer, suka fito da wani fim mai suna Kinshasa Symphony, wanda ya bi makaɗan gidajensu da wuraren sana'arsu har zuwa ranar da suka yi Simfoni na Tara na Beethoven a fili gaban dubban mutane. Bayan fim ɗin ne kyautar kayan kiɗa ta fara shigowa sosai, ƙwararrun makaɗa daga Jamus suka riƙa zuwa koyarwa. A 2013 makaɗan suka je Monako, a shekarar kuma ƙungiyar Royal Philharmonic Society ta Landan ta naɗa Diangienda ɗan ƙungiya na girmamawa. Wannan ƙungiya, wadda aka kafa a 1813, ita ce ta biya Beethoven fam 50 don ya rubuta Simfoni na Taran, wanda aka fara yi a Biyana cikin 1824. A watan Satumba na 2014 suka zagaya Landan da Mancesta da Biristol da Kadif. Mai karatu ya lura da lissafin: shekara 16 suka yi suna ɗaura wayar birki kafin duniya ta waiwaye su. Masu taimako sun tarar da aiki ne yana tafiya, suka sa hannu.

Kada kuma a ɗauka wahala ta ƙare da zuwan baƙi. Kyautar goge ba ta biyan kuɗin mota, ba ta sayen man janareta. Tsirkiya na tsinkewa, izgar sandar gogawa na zubewa, damshin Kinshasa kuma ba ya raga wa katakon da aka sassaƙa don sanyin Turai. Tafiya waje ta 'yan kwanaki ce, idan an dawo kowa sai ya koma kan kekensa na ɗinki ko teburinsa na kasuwa. Matashin da ya ƙware, ranar da aure da haya suka hau kansa, tilas ya zaɓa tsakanin bita da neman abinci. Shi ya sa Diangienda ya sha bayyana burinsa na kafa makarantar kiɗa sosai, domin abin da aka gina a farfajiyar gida ɗaya yana bukatar gindin da zai zauna a kai bayan waɗanda suka fara shi. Wannan ita ce jarrabawar da ke gaban kowace ƙungiya ta sa kai, a Kwango ko a ko'ina.

Akwai kuma masu sukar lamarin, na ji su da kunnena a wani shagon shayi. Cewa suke yi, me ya kai jikan mutumin da Turawa suka ɗaure shekara 30 ga kiɗan Turawa, alhali ƙasarsa na da nata da duniya ke rawa da shi? Tambaya ce mai ma'ana. Amsar da na gano ita ce, Diangienda da wasu cikin makaɗansa sun rubuta nasu kiɗan, suna zuba amon gargajiyar Kwango cikin kayan nan na baƙi. Ai jita da Franco ya yi suna da ita ma daga waje ta zo, yau kuma babu mai cewa rumba ba ta Kwango ba ce. Kayan aiki na wanda ya iya shi ne.

A hanyata ta dawowa na yi ta tunanin ƙungiyoyinmu na gida, na wasan kwaikwayo da na marubuta da na ci gaban gari, da yadda muka saba fara su. Akan kama babban zaure, a buga katin gayyata, a nemo babban mai ƙaddamarwa da uban taro, a yi ta shelar alkawarin miliyoyi ana tafi. Bayan wata shida idan ka tambayi ma'aji, sai ya ce maka abin da ya shigo bai biya kuɗin zauren ba, ƙungiyar kuma ta yi barci tana jiran cika alkawari. Mu ne kuwa masu aikin gayya da adashi, mu muka ce da yayyafi kogi kan cika. Mutanen Ngiri-Ngiri ba su fi mu wadata ba, kuma babu abin da suka yi wanda kakanninmu ba su sani ba. Sun fara da abin da ke hannu, sun karɓi kaɗan daga wurin mutane da yawa, sun bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan maƙwabta.

Daren da na yi musu sallama, an tashi bita wajen ƙarfe tara. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su suna fita ɗaya bayan ɗaya, ana mayar da kujeru, ana tattara takardu. Wata baiwar Allah ta saɓa babban gogenta a baya kamar goyo, ta tattare zanenta ta tsallake kwata, ta shiga duhun lungu. Jagorana ya ce gidanta da nisa, kuma gobe da asuba tana da kasuwa. Na tambaye shi ko za ta dawo da la'asar, sai ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

To, jama'a, abin da na gani ke nan a Kinshasa. Shugabannin ƙungiyoyinmu da ke shirin buga katin ƙaddamar da asusu, kafin su tafi wurin mai ɗab'i, ba laifi su zauna su ƙirga goge nawa ke hannunsu, da kuma mutum nawa ne cikinsu za su zo gobe ko da babu mai biyan kuɗin mota. Allah ya sa mu dace.